Dalilin da ya sa ake ce mani Malam Sanda Biyu

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake gaya maku game da sunan nan da ya manne mani, Malam Sanda Biyu. Wai lokacin da nake koyar da lissafi a firamare da sanda biyu nake shiga aji, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. Ƙarya ce tsagwaronta. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa tsakanin Faskari da Ƙanƙara, ban taɓa ɗaukar sanda ba. Jan biro ne makamina, kuma waɗanda na zana ma sifili a tsakiyar takarda za su gaya maku ya fi sanda zafi. Sunan nan da furfurata na same shi, bayan na yi ritaya, kuma da hannuna na jawo shi. Tunda ƙafa ta fara nauyi gara in rubuta maku yadda aka yi, don akwai haƙƙin Rabi a ciki, ɗiyata ta huɗu, wadda wasunku ke ce ma Yaya, wasu Gwaggo.

Garinmu dai sunanshi Mairuwa, amma ku tambayi duk wanda ya zamna a unguwarmu ta kan tudu ya gaya maku yadda muke yi da bazara. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, da injin jan ruwa can ƙasan rijiyar, da sola, da tanki bisa ƙarfe. Ciwon shi ne, in zafi ya tsananta ruwan kan ja da baya ya bar injin a sarari, mai kunnawa kuwa ba ya ganin ƙasa, sai injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Biyu muka ƙona a haka. Na ukku da ƙyar da jiɓin goshi unguwa ta samo shi, kuma ni ne shugaban kwamitin rijiyar. A shekarar ne Rabi ta dawo daga jami'a da karatun kwamfuta. Ta ce za ta iya haɗa wata 'yar kwamfuta, ba ta fi sabulun wanki girma ba, wadda za ta riƙa duba ruwan kafin ta kunna injin. Na kai maganar gaban kwamiti. Alhaji Mamman mai taki, wanda muka tashi tare tun muna yara kuma bai taɓa yarda da ni a karon farko ba, ya gyara hula ya ce:

"Malam, rijiyar jama'a ce fa, ba wayar hannu ba. Yarinyar da aka yi sunanta jiya-jiyan nan?"

Kun san ni da zuciya. Na miƙe tsaye na ce:

"In injin nan ya ƙone, ku ce ni na ƙona shi."

Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Sati biyu Rabi ta yi tana shiga tana fita a ɗan ɗakin da ke gindin tanki. Ranar da ta gama ta kira ni, don ni zan riƙe makullin. Ta zamnar da ni bisa bulo gaban wani ɗan allo baƙi mai farin rubutu, ta ce abin da ke tafiyar da komai jerin umarni ne da ta rubuta, kwamfutar na bi layi-layi. A ciki ta yi wasu ƙananan ayyuka ukku, ta ce in ɗauke su kamar 'yan aike. Na farko ya leƙa rijiya ya ga ko ruwa ya rufe injin. Na biyu ya duba ko batir na da wuta. Na ukku ya duba ko tanki na da wurin zuba ruwa. Da Hausa ta sa masu suna, don ni. Ga layin, har yau ina iya rubuta shi ido rufe:

if akwai_ruwa && akwai_wuta && tanki_na_so

Ta ce kalmar farko tana nufin "idan", kuma kowane ɗan aike in ya dawo ba ya dogon bayani, lamba ɗaya kawai yake faɗi. Ta aiki na farko a gabana. Ya dawo da sifili. Na biyu, sifili. Na ukku, sifili. Na ce a raina, shi ke nan, yarinya ta kunyata ni. Sai kawai na ji ƙas, injin ya tashi, ruwa ya fara zuba cikin tanki bisa kanmu.

"Ke Rabi, duk sun ci sifili kuma ya kunna?"

Ta yi dariya har da rufe baki. Ta ce:

"Baba, in ka aiki mutum ya dubo maka gona, ya dawo ka ce yaya, mi kake son ji?"

"In ji ya ce ba komai."

"To shi ne sifili. Ba komai. Ba matsala. In akwai matsala ne yake kawo lamba, don matsala iri-iri ce. Ɗaya, ruwa ya yi ƙasa. Biyu, waya ta tsinke. Amma lafiya ba ta buƙatar bayani."

Ni da na ƙare rayuwata ina raba sifili a matsayin abin kunya, ashe akwai duniyar da sifili shi ne albishir. Kuma ba wata baƙuwar duniya ba ce, tamu ce. Sau nawa a yini muke cewa ba komai? Ka tambayi mai jinya, ka tambayi wanda ya dawo daga hanyar Sabuwa, abin da kunnenka ke jira ke nan. Wasu mutane can wata ƙasa, ba su taɓa jin Hausa ba, sun zamna sun koya ma ƙarfe amsar da kakata ke bayarwa. Ikon Allah! Na kalli ɗiyata kamar ranar na fara ganinta.

Sannan ta nuna mani alamomin da ke tsakanin sunayen, masu kama da ƙulli biyu a jere. Ta ce ma'anarsu "kuma". Sai na farko ya ce ba komai sannan a aiki na biyu, sai na biyu ya ce ba komai sannan a aiki na ukku. In na farko ya dawo da matsala, maganar ta mutu a nan, sauran ko tashi ba za su yi ba. Wannan ma ya burge ni, don na sha zaman taron da aka san amsa tun farko amma sai kowa ya tofa. Can ƙasa kuma na hango wata alama, sanda biyu a tsaye, ||, na tambaya. Ta ce wannan "ko" ce, in na farko ya gaza a gwada na biyu. Tana amfani da ita wurin aiko mata saƙo, in layin waya ɗaya bai shiga ba a bi ɗayan.

"Amma Baba, ita ba ta da wuri a layin ruwa. Ruwa ba shi da ko."

Ta koya mani yadda zan buɗe rubutun in canza lokutan da injin zai huta, ta nuna mani wurin da kwamfutar ke rubuta duk ɗan aiken da ta aika da kanta, da amsar da ya kawo, duk bayan minti goma sha biyar. Ta ba ni makulli, ta tafi Sabuwa inda ta samu aiki. Wata biyar abin nan yana tafiya kamar agogo. Mutanen Yankara suka zo suka gani, suka ce bayan Salla za ta yi masu irinshi. Ni kuwa ina ta hura hanci, har Alhaji Mamman ya daina bi ta ƙofar gidana.

Azumi ya zo a tsakiyar zafi. Wata Laraba injin ya ƙi tashi tun safe. Kafin hantsi jarkoki sun yi layi har bakin hanya, mata na tsaye da goyo, kowa na kallona don ni ke da makulli. Na shiga ɗakin na aiki 'yan aiken ɗaya bayan ɗaya yadda ta koya mani. Na ruwa ya ce ɗaya. Na wuta sifili, na tanki sifili. Na san ma'anar ɗayan nan sarai, kada wani ya ce maku mantawa na yi. Amma tsohon malamin da ke cikina ya tashi. Ya ce ai ɗaya ba babu ba ce, ɗaya ta fi sifili, ruwan ne dai ya ɗan ragu. Ya ce biyu cikin ukku ai cin jarrabawa ne a kowace makaranta. Daga waje kuma na ji muryar Alhaji Mamman:

"To, akwatin 'yar boko ya ɗauki azumi shi ma?"

Aka kwashe da dariya. Na kira Rabi, layi bai shiga ba. Sau ɗaya na kira, kuma har ga Allah na ji daɗi da bai shiga ba. Na buɗe rubutun, na share ƙulli biyun da ke bayan akwai_ruwa, na dasa sanda biyu a wurin. Wato in babu ruwa, to wuta ma ta isa. Na ce minti kaɗan ne, a cika ko jarka ashirin in mayar. Injin ya tashi nan take. Ruwa ya zo ja-ja, mata suka yi guɗa, na fito ina saɓa babbar riga kamar wanda ya ci yaƙi. Aka kira Azahar na tafi masallaci na bar shi yana aiki.

Da na dawo famfo na ta hurwar iska, daga baya ya yi tsit. Na shiga ɗakin na rufe ƙofa, na share sandunan na mayar da ƙullin kamar yadda yake. Na fito na ce ma jama'a ni ma ban san abin da ya faru ba. Da bakin azumi na faɗi haka. Bayan kwana biyu mai gyara ya zaro injin daga rijiya, ya shinshina ya ce a bushe ya yi ta juyi har ya ƙone.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi ci mani rai. Matan unguwa suka koma ɗibar ruwa can gangare, cikin rana, da azumi. Kuma ba wanda ya ce Malam. Rabi ake cewa. Akwatin Rabi, bokon Rabi, ga abin da ake samu in an ba mace rijiya. Mutanen Yankara suka aiko cewa a dakata tukuna. Mahaifiyarta, Hajiya Binta, ta ɓata da maƙwabta biyu da suka shekara ashirin suna musayar kwano. Ni kuwa, mai cewa a ce ni na ƙona shi, ina zamne ina jan carbi.

Ranar Asabar ta sama Rabi ta iso. Ko ruwa ba ta watsa ba ta ce in buɗe mata ɗakin. Ta duba layin, ga ƙulli biyu lafiya lau, na ji sanyi a raina. Sai ta buɗe wurin da kwamfutar ke rubuta aikenta, ta gangara zuwa ranar Laraba. Ina tsaye bayanta ina gani:

akwai_ruwa 1
akwai_ruwa 1
akwai_ruwa 1
akwai_wuta 0
tanki_na_so 0

Ta ɗora yatsa bisa layi na huɗu, ta daɗe ba ta ɗauke ba. A nan na gane abin da ta gani. Tun safe na ruwa kaɗai ake aika, yana cewa ɗaya, magana na mutuwa. Sai ga shi ya ce ɗaya, kuma an aiki na wuta. Ƙulli ba ya yin haka har abada. Na share sawuna tas, amma na manta kwamfutar ta aiki wanda bai kamata ta aika ba, kuma ta rubuta. Ba ta tsane ni ba, ba ta tausaya mani ba, abin da ya faru kawai ta ajiye. Tsoron Allah ya kama ni a ɗakin nan irin wanda wa'azi bai taɓa sa mani ba. Ba tare da ta juyo ba Rabi ta ce:

"Baba, makullin nan ya taɓa barin hannunka?"

"A'a."

"To."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta kashe allon ta ce mu je, kwamiti na jira. A zauren mai unguwa ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, dattawa goma sha na kallonta. Alhaji Mamman ya ce ta yi bayani.

"Aikina ne, kuma ban tsare shi yadda ya kamata ba. Ku yi haƙuri, iyayena."

Ku duba maganar nan da kyau. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma babu sunana. Ni mai shekara sittin da ɗoriya na yi ƙarya don in tsira, yarinyar da na goya a kafaɗa ta samo hanyar da za ta faɗi gaskiya ta kuma rufa mani asiri, ta biya da sunanta. Ina ta koyo wannan? Ba a ajina ba dai. Kuma duk da haka, kaitona, ban buɗe baki a zauren nan ba.

Da aka sha ruwa ko kunu ban taɓa ba. Hajiya ta tsare ni da ido, ta ce ciwo ne ko magana. Na gaya mata duka. Ta ajiye ludayi a hankali ta ce:

"Malam, ina nan ina faɗa da duniya a kan ɗiyata, ashe mai laifin ni ke tuƙa mashi tuwo? Gobe in ba ka faɗa ba, ni zan sa mayafi in je in faɗa."

Washegari bayan La'asar na miƙe a ƙofar masallaci na ce jama'a su dakata. Na ce injin nan ni na ƙona shi, ba Rabi ba. Na zaci za a yi salati. Ina! Sai Alhaji Mamman ya dafa kafaɗata da tausayi ya ce:

"Allah ya saka da alheri, Malam. Mun tuna alkawarin da ka yi, kuma kowane uba haka zai yi. Zamna, ba wanda zai kama ka da laifin yarinya."

Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa dattijo ke nan. Jama'a, ga ni ina tona ma kaina asiri ana ƙara mani girma, ita kuma ana ƙara binne ta! Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban yi ba tun ina aji. Na ce wallahi ba wanda zai tafi. Na tsinci gawayi a wurin mai shayi, na juya ga bangon shagon da ke kallon masallaci, na rubuta layin da manyan baƙaƙe. Na koya masu 'yan aike ukku. Na koya masu cewa sifili shi ne ba komai, liman ya ce Allahu Akbar, ya sa na maimaita. Na koya masu ƙulli, na koya masu sanda. Sannan na rubuta layuka biyar ɗin nan na ranar Laraba a gefe, na ja da baya, kamar yadda nake yi in na ba aji lissafi. A duk shekaruna na koyarwa ban taɓa shirya darasi da ya fita tsaf kamar wannan ba, kuma amsarshi ni ce.

Alhaji Mamman ne ya fara ganowa. Dama tun muna yara ya fi ni kai, ban dai taɓa faɗa mashi ba. Ya matso yana bin bangon da yatsa.

"Dakata, Malam. Ka ce in na farko ya ce babu ruwa, ba a aiken na biyu."

"Haka ne."

"To ga shi nan an aike shi. Wa ya aike shi?"

"Ni."

"Da sanda biyu?"

"Da sanda biyu. Na gama na share."

Ya juyo ya kalle ni. Sannan ya cire hula ya share zufa ya ce:

"Innalillahi. Malam Sanda Biyu. Ashe yarinyar nan akwatinta gaskiya ya faɗa tun safe, mu ne muka yi mashi dariya."

A wurin na ajiye makulli da shugabancin kwamiti, kuma ba wanda ya ce in ɗauka. Har aka gyaro injin, ni ke tura kurar ruwa daga gangare zuwa gidajen tsofaffin unguwa, mutanen da na koyar suna kawar da kai don kada mu haɗa ido. Mutane da yawa sun daina kawo mani shawara, wasu har yau. Sunan kuwa ya bi ni kasuwar Yankara, ya bi ni Ƙanƙara, zai kuma raka ni kabari. Ban taɓa hana kowa kirana da shi ba. Alhaji Mamman da ƙafarshi ya je Yankara ya warware maganar, Rabi ta yi masu aikinsu bayan Salla, daga nan mutanen Pauwa suka aiko. Ta kuma kulle layin ruwan yadda ko ni ko wanda ya fi ni taurin kai ba zai iya taɓa shi ba.

Amma a ranar, da na baro bangon nan hannuna baƙi ƙirin da gawayi, abu ɗaya ya rage, kuma ya fi tsayuwa gaban masallaci wuya. Na iske Rabi a tsakar gida tana tankaɗen garin kunu. Labari ya riga ni isowa, don idanunta sun yi ja. Ta ganni ta yunƙura za ta durƙusa, na ce ta zamna. Ban san yadda uba ke roƙon ɗiyarshi gafara ba, ban taɓa gani an yi ba. Na tsaya ina murza gawayin a yatsuna, Hajiya na bakin madafa ta yi kamar ba ta ji. Da ƙyar na ce:

"Rabi, na zalunce ki. Kwana goma sha ɗaya na bar ki a bakin mutane. Ki gaya mani abin da ke tsakanina da ke, ko nawa ne in ji."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin garin. Ta share da gefen mayafi, ta ɗago ta ce:

"Sifili, Baba."

Dubban sifili na raba ma 'ya'yan mutane da jan biro. Guda ɗaya aka taɓa ba ni, kuma a tsakar gidan nan na zamna ƙasa na yi kuka.